Jar Hula da Bene

MAMA: Halo? Halo? Okwudili? Babana, kai ne?

OKWUDILI: Ni ne, Mama. Barka da yamma.

MAMA: Barka kadai, barka kadai. Ya Legas? Ya shago? Ana ciniki ko ana zaman kallon titi?

OKWUDILI: Mun gode Allah, ana taɓawa. Ya gida? Ya ruwa?

MAMA: Ruwa ya yi gyara, rogo ya yi kyau, akuyar nan mai taurin kai ta haihu. Ya matarka Nkem? Kumburin ƙafar ya sace?

OKWUDILI: Ya sace. Ga ta nan a shago, tana gaishe ki.

MAMA: Ina amsawa. Ka ce mata ta rage gishiri, ta daina tsayuwa, mai ciki ba soja ba ce. Ina mijina Somadina? Haƙorin ya fito?

OKWUDILI: Ya fito, har ya gwada shi a hannun malamarsu.

MAMA: Ya cije ta? Hahaha! Wannan jinina ne, ba na gidanku ba. 'Yan gidanku sai an kira taro an fasa goro kafin su ciji mutum.

OKWUDILI: Ya Papa? Ya gwiwar?

MAMA: Mai jar hula yana nan. Gwiwa tana nan, hula tana nan, duk suna gaishe ka. Na baro shi a zaure yana gyangyaɗi, rediyo yana ba shi labari.

OKWUDILI: Kin baro shi? Ba kya gida ne? Mama, kashe in kira ki, kada katinki ya ƙare.

MAMA: A'a, a'a, kada a kashe! In an kashe sai na duba wayar, in na duba wayar sai na saki... bar shi dai haka.

OKWUDILI: Ki saki me?

MAMA: Ba komai. Ka ci abinci?

OKWUDILI: Na ci. Yau kuma muryarki tar, kamar kina cikin shagon nan. Ba a bayan akurkin kaji kika tsaya ba?

MAMA: Na bar wa kaji wurinsu, na sami sabo. Sai dai iska. Hihihi.

OKWUDILI: Mama, dariyar me kike yi tun ɗazu? Ko kin taɓa bammin gobe ne?

MAMA: Rufe min baki! Jarkokin bamminka suna nan ba wanda ya buɗe. Goro yana cikin ganye. Bunsurun yana ɗaure yana cin abincinsa na ƙarshe, bai san komai ba, bawan Allah.

OKWUDILI: Yauwa. Baba Polikap magini ya ce da sassafe zai ja igiya ya kafa turaku, Papa ya fasa goro, a soma haƙa harsashi. Kafin Kirsimeti kin shiga sabon gida, Mama.

MAMA: To maganar goben ce ta sa na kira ka. Babana, ni fa be... nake so.

OKWUDILI: Me? Iska ta kwashe.

MAMA: Na ce bene!

OKWUDILI: Bini? Me za ki yi a Bini? Wa ya rasu?

MAMA: Ba wanda ya rasu, sai kunnenka. Bene! Gidan sama! Wanda ake hawa da ƙafa!

OKWUDILI: Haba Mama. Ai mun kashe wannan maganar tun Ista.

MAMA: Kun kashe. Kai da babanka da Polikap. Ni ina kicin ina kirɓa muku sakwara, sai dai na ji an yi tafi.

OKWUDILI: Ba wanda ya ƙi ki. Ni da bakina na yi miki alkawarin bene, ban manta ba. Amma a lokacin ba a naɗa Papa sarauta ba. Yanzu ya sa jar hula, kin kuma san dokar garinmu: ba mai takawa a saman kansa, balle mace. In an ba shi sama, gwiwa ba za ta kai shi ba. In an ba shi ƙasa, kina sama kina taka masa hula. Shi ya sa Baba Polikap ya ce a shimfiɗa gida a ƙasa kowa ya huta.

MAMA: Polikap! Gida ɗaya Polikap ya iya a duniya, shi yake ta haifa a garin nan. Falo a tsakiya, ɗaki dama, ɗaki hagu, baranda da ginshiƙai masu tumbi. Ranar bikin 'yar Fidelis wani ya bugu, ya shiga gidan maƙwabcinsa ya kwanta, har gari ya waye bai gane ba, don gadon ma a kusurwa ɗaya yake.

OKWUDILI: Amma ko ɗaya bai taɓa tsagewa ba.

MAMA: Na ce ya tsage? Gininsa kamar goshinsa, guduma ma ba ta shiga. Ba ƙarfin nake kuka da shi ba. Kai, ka tuna Ifeyinwa?

OKWUDILI: Wace Ifeyinwa?

MAMA: 'Yar Tica Anayo.

OKWUDILI: Mai majinar nan? Wadda take rera waƙa a coci hanci yana zuba?

MAMA: Majina ta bushe tuni. Yanzu a Inugu take, ofis gare ta, zanen gidaje take yi. Ta zo gaida uwarta muka haɗu a kasuwar Nkwo, wurin masu shuwaka. Na ce 'yar nan, an ce kina ganin gida tun ba a haife shi ba. Ta ce haka ne, Mama. Na ce to zo ki sha miya.

OKWUDILI: Mama, kin ɗauko mai zane ba ki gaya min ba?

MAMA: Ban ɗauko kowa ba. Miya ta sha. Laifi ne mutum ya sha miya?

OKWUDILI: Daga miya kuma sai aka yi yaya?

MAMA: Sai ƙafa ta kai mu filinka, tef ɗinta yana cikin jaka, ban san yadda aka yi ya shiga ba. Ka san abin da ta fara tambayata? Ba ta ce ɗaki nawa ba. Cewa ta yi, Mama, in kin tashi da safe, me kike so ki fara gani? Okwudili, na tsufa a duniyar nan ba a taɓa yi min wannan tambayar ba. Na tsaya baki buɗe kamar kifin kasuwa.

OKWUDILI: Masu zane ke nan, sai daɗin baki. Su zana maka fada a takarda su koma Inugu, su bar ka da rodi da siminti kana kuka. Wani abokina a nan ya bi zane, yau ciyawa ce take zaune a falonsa. Shi kuwa Baba Polikap, ka nuna masa fili kawai, ka dawo ka tarar da makulli.

MAMA: Tsaya mana ka ji! Na gaya mata dokar hula. Ba ta yi dariya ba, ai 'yar gari ce. Ta hau cizon fensir. Ana nan sai ga ta da takarda kamar tabarma. Gidan a lanƙwashe yake, kamar hannun mai riƙe da jariri. Ɓangare ɗaya a ƙasa: zauren babanka, ɗakinsa, banɗakinsa, inda zai ci abinci, ba komai a samansa sai kwano da Ubangiji. Ɗaya ɓangaren kuwa ya miƙe tsaye, matakalarsa a can gefe. Sannan ta ɗauko jan fensir... hihihi... tsaya in yi numfashi.

OKWUDILI: Ina jin ki.

MAMA: Ta ja layi duk inda babanka zai bi a gidan. Daga gado zuwa zaure, daga zaure zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gindin mangwaro. Ta rubuta, hanyar jar hula! Duk tsawon layin nan ba mai gittawa ta samansa, sai dai ƙadangare, shi kuma ba ya zuwa taron masu hula.

OKWUDILI: Kai, Mama! In ya yi marmarin shiga ɗaya ɓangaren fa?

MAMA: Ya yi me a can? Kicin ne da ɗakin baƙi. Tun da na aure shi ya taɓa shiga kicin? Ko hanyar bai sani ba.

OKWUDILI: Papa ya ga takardar?

MAMA: Ya gani. Ya sa tabarau, ya bi jan layin da yatsa har ƙarshe. Sai yatsan ya sauka daga layi, ya hau matakala, ya tsaya a kan tagar ɗakina. Ya ce wannan tagar ina take kallo? Ifeyinwa ta ce wajen kwari. Ya ce, uhm.

OKWUDILI: Wane irin uhm?

MAMA: Irin wanda ya yi ranar da ya fara ganina a rafi.

OKWUDILI: Ai wancan uhm ɗin ya kai ga aure.

MAMA: Bayan ya gama jan ƙafa, har wani mai keke ya kusa yin gaba da ni. Wannan kuwa ba lokaci, gobe za a haƙa. Ya naɗe takardar ya miƙo min, ya ce ya riga ya ba Polikap hannu.

OKWUDILI: To kin ji. Mama, Baba Polikap sa'an Papa ne, tare suka yi wasan ƙasa. Ranar da Papa ya faɗi a gona, shi ya goya shi har bakin titi. Ya gaya wa duk gari shi zai gina gidan ɗan abokinsa, an ce har sabon cokalin gini ya sayo. In na kawo yarinyar da ya ci shinkafar baftismarta ta tsaya masa a ka da takarda, da wane ido zai shiga taro?

MAMA: Na sani. Ai da ƙafata na je gidansa, takardar a hammata. Da ma ya yi fushi, da na sami abin faɗa, na ma shirya maganganuna tun a hanya. Bai yi ba. Ya shimfiɗa ta a tebur ya danne da kofi, ya duba, ya duba. Ya ce zane ya yi kyau, yarinya ta san aikinta. Amma shi bai taɓa zuba kankare a saman kan ɗan Adam ba, ba kuma zai koya a kan matar abokinsa ba.

OKWUDILI: Kin ga mutumin kirki.

MAMA: Na ce masa Ifeyinwa za ta kawo injiniya ya yi saman, kai ka yi ƙasan. Ya ce da furfurarsa ba zai zama ɗan aiken yarinya ba. Ko shi, ko takarda. Ya ba ni ayaba ya rako ni har ƙofa.

OKWUDILI: To.

MAMA: To.

OKWUDILI: Mama, ki duba. In an haƙa gobe, an gama, kowa yana murna. Ke ma fa shekaru suna tafiya, nan gaba matakalar nan ita za ki riƙa zagi. Me yake sama wanda babu a ƙasa? Zan sa miki tayil mai sheƙi, in sa miki fanka a kowane ɗaki.

MAMA: Ka tuna Madam ta Inugu?

OKWUDILI: Wadda kika yi wa aikatau kina yarinya? Mai karen da ake soya wa ƙwai? Ai mun haddace labarin, Somadina ma ya iya haushin karen.

MAMA: Wurin dariyar na ba ku. Ban gaya muku inda nake kwana ba. A ƙarƙashin matakala, ni da tsintsiya da bokiti. Duk mai hawa, a kaina yake bi. Na san takun maigidan, na san na Madam, na san na karen. Sama kuwa kullum ina hawa, da bokiti da tsumma. A durƙushe nake shiga, a durƙushe nake fitowa da baya ina goge sawuna. Taga tana nan a buɗe, labule yana kaɗawa, ban taɓa miƙewa na leƙa ba. Tsoro nake ji.

OKWUDILI: Mama...

MAMA: Babanka sai da ya tsufa aka ce kada a taka masa kai. Ni nawa kan an gama taka shi tun ban iya ɗaura zane ba. Ba kan kowa nake so in taka ba, Babana. Tagar nake so in leƙa.

OKWUDILI: Ban sani ba, Mama. Me ya sa ba ki taɓa...

MAMA: A'a, kada ka yi min muryar jana'iza. Ai na leƙa! Hihihi. Na riga na leƙa!

OKWUDILI: A ina? Ko bulo ɗaya ba a aza ba.

MAMA: Ifeyinwa ce ta auna da tef ɗinta, ta ce Mama, kin ga tsayin can? Daidai nan tagarki za ta kasance. Jiya muka gwada tare. Yau na ce bari in sake gani, ko mafarki na yi. Ina kan ...anki.

OKWUDILI: Banki? Da yamman nan? Ai sun tashi. Mama, kada ki ce min rance kika je nema.

MAMA: Wane banki? Wa zai ba ni rance da wannan fuskar? Tanki!

OKWUDILI: Me?

MAMA: Tankin ruwan da ka sa aka ɗora a kan ƙarfe a filinka, don aikin gini. Akwai ɗan katako a gefensa, daidai zaman mutum ɗaya.

OKWUDILI: Yesu! Mama, yanzu haka kina can sama?

MAMA: Yanzu haka. Na cire takalmi, na tattare zane kamar mai shiga rafi, na hau tsanin Polikap. Ka ga amfanin magini.

OKWUDILI: Ke da wa?

MAMA: Ni da mala'ikana. Shi ma ina jin ya tsaya a ƙasa.

OKWUDILI: Mama, sauko! Don Allah sauko yanzu!

MAMA: Tsaya in ba ka labari, ba ka san abin da kake rasawa ba. Ka san gaban coci kawai aka yi wa fenti? Bayan kwanon duk tsatsa. Ga makaranta, ga kasuwa kamar faranti. Ga tsakar gidan Perpetua... Maryamu uwar Yesu! Kazata!

OKWUDILI: Wace kaza kuma?

MAMA: Mai tsiraran wuyan nan da ta ɓata, muka ce shaho ne. Ga ta can tana kiwo a gidan Perpetua, har da 'ya'ya! Ashe shahon da ɗankwali yake zuwa coci. Ka ga abin da ya sa mutanen garin nan ba sa son bene?

OKWUDILI: Zan saya miki kaji, Mama, cike da kwando. Ki sauko.

MAMA: Ba ita na hau gani ba. Saurara. Bayan kwari, bayan itatuwan manja, akwai wani jan tudu. Ka san ko ina ne? Ndiagu. Garinmu. Ina hango itacen lokon da yake ƙofar gidan babana, shi kaɗai ya fi sauran tsayi. A gindinsa uwata take kwance. Ka duba fa, duk shekarun nan tana can tana kallona, ni ce ba ni da tsayi.

OKWUDILI: Na ji, Mama. Na ji har cikin raina. Sauko mu yi maganar a ƙasa.

MAMA: To ai nan gizo yake... a'a, bari in faɗa maka kai tsaye. Hahaha! Ƙafafun sun ce ba da su ba.

OKWUDILI: Kamar yaya?

MAMA: Jiya Ifeyinwa tana ƙasa, ta riƙe tsani tana gaya min inda zan sa ƙafa. Yau da na leƙa sai na ga ƙasar tana numfashi. Tsanin kuma a jingine kawai yake, in iska ta taso sai ya ɗan yi rawa. Hannuna ɗaya yana kan ƙarfe, ɗaya yana kan kunne. Shi ya sa na ce kada ka kashe.

OKWUDILI: Tun yaushe kike can?

MAMA: Tun rana tana saman mangwaro. Yanzu ta sauka, ta fi ni dabara.

OKWUDILI: Shi ne kika kira ni? Ni da nake Legas? Muka tsaya muna zancen haƙorin Somadina?

MAMA: To wa zan kira? Kai ka fi kowa kusa, kana ƙulle a bakin zanena. Kuma mutum ya kira ɗansa bai tambayi jikansa ba?

OKWUDILI: Yi ihu, Mama! Wani zai ji.

MAMA: In yi ihu gari ya taru, a ga shugabar matan coci a kan tanki, zane a gwiwa? Gara in kwana a nan, gobe a fasa goro a miƙo min nawa.

OKWUDILI: Nkem! Nkem, bar kwastoman nan, kawo wayarki! Nemo lambar Tica Anayo! Mama tana kan tanki. Tanki, ba banki ba!

MAMA: Ka gani, ita ma kunnen gidanku ta ɗauka. Tsaya, tsaya, ga keke can ya shigo kwana. Polikap ne! Ya ɗauro igiya da turakun gobe a baya, turo keken yake yi. Me ya sa bai hau ba? Af, ba shi kaɗai ba ne. Wani yana gefensa yana dogara sanda. Ina ganin ja... Babana, hula ce.

OKWUDILI: Papa?

MAMA: Shi ne. Sun zo duba filin kafin gobe. Bari in maƙale a jikin tankin, wataƙila su ɗauka famfo ne.

OKWUDILI: Mama, ki kira su!

MAMA: Ba sai na kira ba, takalmana sun tona min asiri, ga su can a gindin tsani. Babanka ya tsaya yana kallonsu. Ya ɗaga kai. Polikap ya saki keken, turaku sun watse. Sannunku da zuwa! Ya gwiwar, Baban Okwudili? Hihihi.

OKWUDILI: Me Papa ya ce?

MAMA: Ya ja ya tsaya can nesa, inda inuwar tankin ta ƙare. Ba zai matso ba, ai ina sama.

OKWUDILI: To ki ce Baba Polikap ya riƙe miki tsanin.

MAMA: Ga shi nan ya taho da gudu. A'a! Babanka ya tare shi da sanda. Me yake cewa? Iskar nan... Hahaha! Wayyo cikina!

OKWUDILI: Kada ki saki ƙarfen! Me ya ce?

MAMA: Wai matar wa?

OKWUDILI: Yanzu lokacin kishi ne? Mama, ki ce masa ni na ce ya bari!

MAMA: Ba mai jin ka, gardama suke yi. Polikap yana nuna hular, yana nuna ni, yana nuna sama. Mutane sun fara leƙowa ta shinge. Ga shaho ma ta fito, hannu a ka. Perpetua, ina ganin ki! Na ga komai!

OKWUDILI: Mama, bar maganar kaza!

MAMA: Wannan matar ta cikin waya kuma ta soma surutu, wai katina ya kusa... Okwudili.

OKWUDILI: Na'am?

MAMA: Ya cire.

OKWUDILI: Ya cire me?

MAMA: Hular. A gaban mutane. Ya miƙa wa Polikap, Polikap ya riƙe ta da hannu biyu kamar tukunya mai zafi. Ya yar da sandar. Yana tahowa yana ɗingishi. Ya shigo inuwar. Babana, yana ƙarƙashina.

OKWUDILI: Masu hula za su ci shi tara, Mama. Ba za su bar wannan ba.

MAMA: Ya sani. Ai bunsurunka yana nan, ga bammi, sai su zo su ci. Ka san ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba? Dogo ne, kullum daga ƙasa nake kallonsa. Fari fat, da ɗan fili a tsakiya. Ashe ya tsufa haka ban lura ba. Ya kama tsanin da hannu biyu, ya dafe shi da ƙirji.

OKWUDILI: To alhamdu... to mun gode Allah. Ƙulle wayar a zane ki juyo da baya, a hankali.

MAMA: Tsaya, yana magana. Na'am, Baban Okwudili? E. E, ana gani. Har lokon.

OKWUDILI: Me ya ce?

MAMA: Wai ana hango Ndiagu daga nan?

OKWUDILI: Shi ya tambaya?

MAMA: Shi. Ashe uhm ɗin ke nan.

OKWUDILI: Mama, saurara kafin katin ya ƙare. Ki ce wa Baba Polikap ya tattara turakunsa, gobe ba haƙa. Zan hau motar safe in zo da kaina, in kai masa goro in durƙusa masa, ya zage ni iya son ransa. Ki sa Ifeyinwa ta jira ni da takardarta.

MAMA: Polikap ba ya ji yanzu, yana can yana lallashin hula. Ka ce takarda? Babana, sake faɗa, iska ta...

OKWUDILI: Na ce takarda! Bene, Mama, da tagarki! Yanzu dai sauko!

MAMA: Ba yanzu ba.

OKWUDILI: Don me kuma? Gwiwar Papa fa!

MAMA: Shi ya ce kada in yi sauri. Ya ce rana ba ta gama faɗuwa ba, in ƙara kallo, yana riƙe da...

OKWUDILI: Mama? Halo? Mama?